Turmin Ayashe

Ku matso kusa, ku bar surutun nan haka. Kai mai gyangyaɗi, tashi ka wanke ido, don idan na kai ƙarshe kai zan fara tambaya. Labarin nan ba na dariya ba ne. Ni kaina ba na son ba da shi, amma ya daɗe yana ci mini rai, gara ku ma ku ɗauki rabonku.

Can cikin daji, a bakin wani gulbi, an yi wata 'yar tunga da ake kira Tungar Kanya. A nan aka yi wani maharbi mai suna Nomau, dogo, marar yawan magana. Idan ka ce masa ina kwana, sai ya dubi sama tukuna kafin ya amsa. Daji kuwa ya san shi kamar tsakar gidansa. Ya san inda gwanki ke shan ruwa, ya san bishiyar da zuma ke so a rataya mata amya, kuma tunda yake bai taɓa harbin naman da ke da ciki ba. Matarsa ɗaya, Ayashe, gajeriya mai surutu, ita ke yi musu maganar mutum biyu. Allah ya ba su 'ya'ya uku da suka rayu: Jatau babba, sai Lanti, sai autansu Tunau. Lantin nan ku riƙe ta da kyau, don a bakinta na ji yawancin abin da zan faɗa muku.

Shekara biyu da aurensu, ana tsakiyar marka, ɓauna ta tunkuyi Nomau a cikin kurmin da ke ƙetaren gulbi, ta karya masa ƙafa. Hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, zazzaɓi ya rufe shi, bai san gabas ba bai san yamma ba. Mazan tunga suka nema har suka gaji, suka dawo suka ce a yi haƙuri. Ayashe ta ce ba ta san wannan ba. Ta mirgino turmin kirya da shi ya sassaƙa mata, ta kafa shi a bakin gulbi, ta kama daka babu komai a ciki. Sau uku da ƙarfi, sai ta cilla taɓarya sama ta tafa, ta cafe, sai biyu a hankali. Haka ta yi tun safe har la'asar, tafin hannunta duk ya fashe. Da la'asar ɗin sai ga Nomau ya fito daga kurmi da jan ciki, yana bin ƙarar turmi.

Tun daga ranar, shekara arba'in, in dai Nomau na daji, la'asar ba ta wucewa Ayashe ba ta yi masa wannan daka ba. Mutanen tunga har tsokanarsa suke yi, su ce ga maharbin da turmi ke kaɗowa gida. Shi kuwa ko a jikinsa.

Sai ciwon ido ya shigo tunga. Ƙudan bakin gulbi ya yi ta makantar da mutane, har dattawa suka yanke shawarar a tashi a koma garin bakin titi, tafiyar yini da rabi a ƙafa. Ana cikin ɗaure kaya Ayashe ta kwanta, ciwon da ba ta tashi ba ke nan. Lanti na zaune tana yi mata fifita ta ji ta ce wa mijin, “Maigida, ba mutuwar nake tsoro ba. Za ku tashi ku bar ni ni kaɗai a dajin nan.”

Nomau ya ce, “Ko da jan ciki ne zan dawo in kwanta kusa da ke.”

Aka binne ta a makabartar tunga, cikin kurmin ƙetare. Aka tashi.

Shekara ashirin da uku Nomau ya yi a garin bakin titi, bai sake aure ba. Babu irin maganar da ba a yi masa ba, har liman sai da ya sa baki, ya ce ya ji ya gode. Kowace kaka sai ya ɗauki sandarsa shi kaɗai ya tafi kufai, ya nome kabarin, ya sake jera fasassun tukwane a kai, ya zauna ya ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu. Sauran mutanen tunga suka daina zuwa, hanya ta toshe, kurmi ya haɗiye makabarta, har ya zama duk duniya shi kaɗai ya san inda take kwance. 'Ya'yan kuwa kowa ya girma da abin da ya samu. Jatau ya gaji bin sawu. Tunau, wanda uban ya koya wa iyo tun yana ɗan ƙarami, ya zama masunci. Lanti ta gaji turmi.

Da ya haura tamanin ido ya dushe, sai inuwa-inuwa yake gani. Ya tara 'ya'yan ya ce idan ta Allah ta kasance a kai shi kusa da uwarsu. Suka ce to. Amma kunnen maharbi ba ya tsufa da wuri. Ya ji Jatau a zaure yana cewa yini da rabi ne, babu hanyar mota, gawa kuma ba a ajiye ta, ai sai dai a yi masa addu'a a nan. Nomau ya gane cewa idan ya mutu a gari, a gari za a binne shi, idan kuwa ya mutu can, dole a binne shi can.

To, maharban wancan yanki suna da wata al'ada. Idan tsohon maharbi ya rataye kwarinsa a kife a bakin ƙofa ya fita, ba a bin sawunsa sai bayan kwana bakwai. Duk wanda aka ba baka sai ya rantse a kan haka, Jatau ma ya rantse, hannunsa cikin hannun ubansa. Kada wani sarkin sani a cikinku ya ce mini kashe kansa ya tafi yi. Ya tafi da guzurinsa da butarsa da carbinsa. Jikinsa ne ya gaya masa lokaci ya yi kusa, ya ce bari ya je ya jira a inda ya yi alkawari.

Wata safiya cikin marka Lanti ta kawo masa kunu, ta tarar da kwari a kife. Ta ɗaga tabarma, likkafanin da ya daɗe da ajiyewa babu shi. Kwanon kunu ya suɓuce mata. Ta ruga gidan Jatau ko mayafi babu. Jatau ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon kwarin, ya ce, “Kwana bakwai.”

Lanti ta ce, “Yaya, Baba ne fa! Mutumin da ko hannunsa ba ya gani sosai?”

Ya ce, “Na rantse, Lanti.”

Ranar nan ta wuni tana kuka a ƙofar gidansa. Washegari hadari ya fara haɗuwa a gabas. Jatau ya dubi sama, ya san idan ruwan nan ya sauka sawu ya tafi ke nan, ko bayan kwana bakwai ba za su ga ko ƙashinsa ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takalmansa. Tunau ya ɗauko igiya. Lanti ta aro jaki, ta ɗora masa turmin uwarta da taɓarya. Suka ce me za ki yi da wannan kaya? Ta ce abinci za ta riƙa daka musu. Ƙarya take yi. Ita da bakinta ta gaya mini tun daga gida ta san abin da ta ɗauko shi ta yi.

Ga aikin Jatau. Tsoho ya san ɗan da ya haifa, don haka ya ɓatar da sawu. Ya bi kan shimfiɗaɗɗen dutse inda sawu ba ya fita, ya shiga ƙorama ya yi tafiya cikin ruwa, wani wurin ma ya ɗaure ganye a ƙafa. Da wani ne, da tun kafin azahar ya juyo. Jatau kuwa ya bar neman ƙafa ya koma neman bakin sanda. Nan ta goge gansakuka a jikin dutse, can ta tsinka yanar gizo, gaba kaɗan ta kwantar da ciyawa. Duk dabarar da uban ya koya masa ita ya juya a kan uban. Yana tafe yana share hawaye, har ya kai su daidai gaɓar da tsoho ya sauka ya ƙetare gulbi. Kurmin nan tsawonsa tafiyar yini ne. Ba don Jatau ba, ba su san ta inda za su ɓullo masa ba.

Suna isa ruwa ya kece. Gulbin da tsoho ya ƙetare iya gwiwa ya cika ya batse, ya zama ja, yana tafe da itatuwa. Sawun ƙetare duk ya wanke. Suka yi ta kira har murya ta dushe. Tunau ya ƙetare da iyo ya yi wuni biyu yana kutsawa cikin sarƙaƙiya, ko alama. Jatau ya ce, “Yana jin mu. Ba zai amsa ba ne.”

Ga aikin Lanti. Kwana biyu tana kallon turmin tana kawar da kai. Rana ta biyar da fitar tsoho, da la'asar, ta lissafa guzurinsa ta san ya ƙare. Ta tashi ta mirgina turmin zuwa gaɓa, ta ɗaure zani, ta ɗaga taɓarya. Sau uku da ƙarfi, ta cilla ta tafa, ta cafe, biyu a hankali. Rabon dajin nan da jin wannan daka shekara ashirin da uku. Jatau ya toshe kunne ya juya baya. Ta yi ta yi, hannu ya fara zafi, ba ta tsaya ba. Can sai ganye ya motsa a ƙetare. Sai ga shi, ya rame ya zama kamar kara, babu sanda, hannu a miƙe yana lalube. Kuma dariya yake yi. Lanti ta ce tunda uwarsu ta rasu ba ta ga haƙoransa a waje ba sai ranar. Yana tafe yana cewa, “Na ji, na ji, ga ni nan tafe. Bar dakan haka, hannunki zai fashe.”

Ba don Lanti ba, da bai fito ba har abada. Amma bai san gulbi ya cika ba. Ya sa ƙafa a ruwa yana nufo turmi, iya gwiwa, iya ƙugu. Lanti ta yar da taɓarya ta ƙwala ihu, “Baba, koma! Ni ce, Lanti ce!”

Ya tsaya cak. Tana kallon dariyar ta bar fuskarsa. Ya juya zai koma, ruwa ya kwashe ƙafafunsa.

Ga aikin Tunau. Kafin kowa ya ce wani abu ya faɗa gulbi. Ruwan nan ko kada sai ya yi shawara kafin ya shiga. Wani kututture ya buge shi a kafaɗa har ta goce, bai fasa ba, ya nutsa ya cafko uban ta wuyan riga. Tsoho ya ɗago kai ya ce, “Sake ni.” Bai sake ba. Ya ce, “Tunau, sake ni.” Bai sake ba. Na uku ya ce, “In dai ni na haife ka, sake ni.” Tunau ya ƙara damƙewa. Kuma ku lura da wannan, don shi Tunau bai taɓa mantawa ba: gaɓar kurmi ta fi kusa da su ƙwarai, amma ya ja shi da hannu ɗaya har gaɓar da 'yan'uwansa suke. Ba don Tunau ba, da gawar ma ba a gani ba.

Suka goyo shi zuwa gida. Gari ya fito ana ta sa musu albarka, kowa na cewa Allah ya ba mu 'ya'ya irin na Nomau. Lanti ta ji daɗi a ranar, ba ta ɓoye mini ba.

Kayya! Sanyin ruwan nan ya kashe masa ƙafafu, bai sake takawa ba. Mutumin da ya yi shekara sittin yana kwana a gindin bishiya, ga shi a ɗaki mai taga ɗaya, manyan motoci na wucewa suna girgiza masa bango. Lokacin da yake jin ya yi kusa bai zo ba, sai da ya ƙara shekara biyu da watanni. Bai zagi kowa ba, bai ƙi abinci ba. A juya shi ya juyu, a ba shi ya karɓa. A duk tsawon wannan kwanciya magana ɗai-ɗai ya yi wa kowannensu a kan abin da ya faru. Ya ce wa Jatau, “Idonka ya fi nawa.” Ya ce wa Tunau, “Hannunka da ƙarfi.” Lanti kuwa wata rana tana ba shi kunu ya ce, “Wa ya koya miki tafin nan?” Ta ce, “Inna.” Ya ce, “Ta koya miki da kyau.” Ya buɗe baki ya karɓi ludayi.

Lanti ta yi ta lallashin kanta cewa idan ya cika za su kai shi ko ta halin ƙaƙa, har ta sa mazan suka yi alkawari na gaskiya a wannan karo. Da rani na biyu Jatau ya tafi neman kabarin tun da wuri. Ya tarar babu kurmi. Masu gawayi sun shiga sun sare shi ƙaf, manoma sun biyo baya sun ja kunyoyin noma a ko'ina, fili fetal har iyakar gani. Ya yi kwana uku yana neman ko guntun fasasshiyar tukunya ɗaya, mutumin da ke ganin tsinkakkiyar yanar gizo, bai samu ba. Suka haɗa baki kada a gaya wa tsoho. Wata rana motar gawayi ta tsaya a bakin tagarsa, ya ja numfashi, ya ce, “Wannan itacen kurminmu ne.” Bai ƙara tambayar komai ba.

Ranar da zai cika, da hantsi, suka durƙusa su uku a gabansa suna neman gafara, yadda ake yi. Lanti na riƙe da ƙafarsa. Ya ce, “Biyu a cikinku na yafe musu duniya da lahira. Ɗayan kuwa, Allah ya sani na gwada. Shekara biyu ina gwadawa. Na kasa.”

Suka ce, “Baba, wa?” Ya juya fuska ga bango. Lanti ta fashe da kuka tana cewa ya faɗa ko don mai laifin ya san abin da zai roƙa. Tunau ya ruga ya kirawo liman ya zo ya roƙe shi. Kafin liman ya iso harshe ya yi nauyi. Kafin azahar ya cika. Aka binne shi a makabartar gari, bayan tashar mota, tsakanin wani baƙon direba da wani mutum da ba a ma san sunansa ba.

Ku da kuke da iyaye kun san nauyin wannan magana, ba sai na faɗa muku ba. Tun ranar babu wanda ya sake samun sukuni a cikinsu. Abin tausayin ma, ba su tura wa juna laifi ba, kowa cewa yake shi ne.

Jatau ya ce shi ne. Shi kaɗai ya rantse, hannu cikin hannu, kuma maganarsa ta zaure ce ta fitar da tsoho tun farko. Da ya zauna kwana bakwai ɗin nan, da babu wanda ya isa gulbi. Ya karya bakansa, ya mutu bai sake shiga daji ba.

Tunau ya ce shi ne. Sauran biyun ba a hana su baki da baki ba, shi kuwa sau uku uban ya ce sake ni, har ya haɗa shi da haihuwa. Kuma ko da ya ƙi saki, me ya hana shi fitar da shi ta gaɓar kurmi? Ya bar garin, har yau ba a san inda ya nufa ba.

Lanti ta ce ita ce. Jatau ya bi sawu a fili, Tunau ya ƙi umarni a fili, ita kuwa ta shiga rigar matacciya ta yaudari makaho da abin da ya fi so a duniya. Ta tashe shi daga gefen kabarin da ya riga ya isa, ta sa shi dariya, sannan ta ƙwace. Ta kife turmin nan a bayan ɗaki, shekara talatin ke nan ba ta taɓa taɓarya ba. Yanzu ta tsufa tukuf, ta kusa kai shekarun uban. Duk malamin da ya sauka a garin sai ta aika a kira shi, duk baƙon da ya zauna a ƙofarta sai ta ba shi labarin nan. Wasu su ce mata ceton rai ba laifi ba ne, tsoho ne ya yi kuskure. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Ni ma ta tambaye ni, na ce zan kawo wa masu hankali. Ga ku nan kuwa, kowa ya yi tsit.

Su ukun nan saboda ƙauna suka yi, kuma da ɗaya ya janye hannunsa da tsoho bai dawo gida da rai ba. Biyu sun samu gafara ba su sani ba. To, kai da na tasa daga gyangyaɗi, fara: tsakanin wanda ya karya rantsuwa ya bi sawu, da wadda ta yi dakan uwarta, da wanda aka ce ya saki ya ƙi, wane ne Nomau ya kasa yafe wa?